Akwatin Gyaran Magana da Askar Wanzami

Ni mai in'ina ce, kuma har yau da nake da jikoki ban rabu da ita ba, na dai koyi zama da ita. Na faɗi haka tun farko don masu son labarin da ake warkewa sarai a ƙarshe su nemi wani wurin. Lokacin ina 'yar shekara tara, in aka aike ni sayen gishiri a kasuwar Jimeta, sai in tsaya gaban mai gishiri ina "gi-gi-gi" har ya sallami mutum uku ya juyo ya same ni inda ya bar ni. Dariyar mutane ba ta cika damuna ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu taimako, waɗanda ba za su jira ka ba sai sun ƙarasa maka maganarka. Wata rana ina cikin "gi-gi" ɗin nan wani bawan Allah ya sunkuyo cikin tausayi ya ce, "Giya?" Ni da ko ɗaurin zane ban gama iyawa ba. Na dawo gida babu gishiri, aka kuma yi mini faɗa.

Babana akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa da auduga a bakin Binuwai, inda jiragen ruwa ke tsayawa da damina. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Mahaifiyarsa kuwa, wadda muke ce wa Maama, ba haka take ba. A cikin garin Yola take zaune, kuma a wurinta Jimeta ba gari ba ne, tashar mota ce da ta yi girma. Duk Juma'a takan zo ta duba mu, ta kushe miyar mahaifiyata, ta cinye, ta koma. Fillanci take yi da mu, ba ta taɓa Hausa sai in za ta yi faɗa da mai kayan miya. Ita ce ta yanke hukunci cewa linzami ne da ni, wato 'yar fatar nan ta ƙarƙashin harshe ce ta ɗaure mini magana, kuma maganin abin wanzami ya sa aska ya tsinke ta.

Na san abin da hakan ke nufi, don na gani da idona. An yi wa wata 'yar maƙwabtanmu, na leƙa ta ɓular zana ina kallo. Mata biyu suka danne ta a kan tabarma, aka cusa mata guntun itace tsakanin haƙora, kuma jinin da na gani ran nan ya hana ni cin nama wata guda. Ta yi mako tana shan koko kawai. Da ta warke, in'inarta na nan daram, sai ma tsamin baki da aka ƙara mata. Tun daga ranar, ko ƙararrawar keke na ji a ƙofar gida sai in ruga in ɓuya, don wanzamin a kan keke yake zuwa daga unguwar Yolde Pate.

Babana ba ya son a yanka ni, amma bai taɓa ce wa mahaifiyarsa a'a ba, bai ma san ta inda ake farawa ba. Abin da ya iya shi ne jan lokaci. Ya ce a bari damina ta wuce. Da ta wuce ya ce a bari a sha ruwa. Da aka yi salla ya ce yarinyar tana mura. Shekara biyu yana wannan kwana-kwana, har dabara ta ƙare masa, Maama kuma ta fara kallonsa irin kallon da ake yi wa ɗan da Jimeta ta lalata.

Ana cikin haka akwatin ya iso makarantarmu.

A lokacin ba a daɗe da raba Arewa ba, aka ce mu yanzu 'yan Jihar Arewa maso Gabas ne, komai sai ya riƙa zuwa daga Maiduguri maimakon Kaduna. Akwatin katako ne da tambari a jikinsa. Ya sha doguwar tafiya a bayan babbar mota, kuma ranar da aka haye da shi kogi a jirgin fito ruwan sama ya yi masa dukan tsiya. Kayan ciki ba su yi komai ba, amma littafin da ke bayanin yadda za a yi amfani da su ya jiƙe ya manne ya zama curi guda kamar dawo. Hedimasta ya shanya shi a kan rufin ofis kwana uku, sai ya ƙara tauri. Bango da shafin ƙarshe kawai ake iya karantawa. Bangon ya ce kayan gyaran maganar yara ne. Shafin ƙarshe ya ce a yi minti goma sha biyar kullum, kuma in yara masu matsalar magana ba su kai shida ba a makarantar, a mayar da akwatin.

Hedimastan namu dogo ne, mai gajeren wando da doguwar safa da alƙalami uku a aljihu. Ya yi imani cewa duk abin da ya zo daga sama da tambari a jikinsa yana da ma'ana, in ba a gane ba to laifin mai kallo ne. Kuma tun da aka haife shi bai taɓa mayar wa gwamnati da komai ba. Saboda haka ya shiga aji-aji neman yara shida.

Ni ce ta farko, har murmushi ya yi mini, abin da bai taɓa yi ba. Na biyu wani ɗan Fulani ne da aka tambaye shi sunan babansa ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Kowa a ƙasar Adamawa ya san ɗan gidan mutunci ba ya kama sunan ubansa, hedimasta ma ya sani, don shi ma ba ya kama na nasa uban. Amma ya rubuta cewa yaron ba ya iya furta wasu kalmomi, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Na uku da na huɗu wa da ƙane ne da suka sauko daga kan duwatsu a watan, ba su riga sun iya Hausa ba, ko da yake a harshensu ba sa ko haɗiyar yawu don surutu. Ta biyar wata yarinya ce da haƙoranta na gaba suka faɗi. Da aka rasa ta shida, sai ya kamo wadda ta fi kowa surutu a makarantar, ya ce yawan magana ma ai ciwon magana ne.

Sai aka zo kan kayan. Malamai suka taru a ofis, mu kuma muna leƙe ta taga. Akwai ɗan madubi, da kyandir dozin, da gashin tsuntsu farare a ɗaure, da 'yan siraran bututu na takarda, da balan-balan. Hedimasta ya ɗaga gashin tsuntsu ɗaya ya juya shi, ya ce wannan kam ba sai an gaya wa mutum ba, na susar kunne ne, don wanda kunnensa ya toshe ba zai ji magana ba balle ya yi ta daidai. Ya zuba su cikin kofin da aka raba ranar samun 'yancin kai, wanda yake ajiye a kan teburinsa tun lokacin. Bututun, ya ce na shan kunu ne. Madubin na duba tsabtar haƙori. Kyandir kuwa a kunna a kalli wutar don a natsu, da tsakar rana, a zafin Yola. Balan-balan ya kulle a kabad ya ce sai ranar biki, ban kuma sake ganinsu ba.

Na ƙarshe shi ne ya ba su wahala. Wani ɗan katako ne mai faɗin gindi da siririn kai, da tsinken ƙarfe a tsaye a gabansa, da makunni a gefe irin na agogo. In aka murɗa aka saki tsinken, sai ya riƙa kaɗawa hagu da dama yana tak, tak, tak, ba sauri ba nawa. Malamin lissafi ya ce agogo ne da fuskarsa ta faɗi a hanya. Hedimasta ya yarda da haka, amma ya ƙura masa ido ya ce ko ba fuska saƙon a fili yake: abin yana girgiza kai ne, yana cewa a'a, wato a yi shiru. Mu yara muka sa masa suna mai musu.

Wadda aka ɗora wa ajin wata matashiyar malama ce daga wajen Numan, Kirista, ba ta daɗe da gama makarantar horon malamai ba. Tana da keke mai kwando, da irin Hausar nan tamu ta Jimeta da ke ce wa kowa "shi". Ita kaɗai ta yi ƙarfin halin tambaya.

"Sa, in yara bai yi magana ba, yaya zai koyi magana?"

Hedimasta ya dube ta ta saman tabarau. "Malama, ke kika zo daga Maiduguri ko akwatin?"

Shi ke nan aka kafa ajin gyaran magana, kuma dokarsa ta farko ita ce kada wanda ya yi magana.

Da babana ya ji labari sai ya kama shi hannu biyu. Ranar Juma'a ya durƙusa gaban Maama ya ce gwamnati ta aiko da magani musamman saboda irina, kuma sa aska a kan maganin gwamnati na iya zama laifi. Maama ta tauna goronta. Ba ta tsoron gwamnati, amma ba ta son a ce ɗanta ya rasa aiki ta dalilinta. Ta ce ta ji. Ta ba gwamnati zuwa ranar da za a rufe makaranta. Juma'ar farko ta hutu za ta zo da wanzami, in tsaya a gabanta in gaishe ta in gaya mata abin da na koya, tiryan-tiryan. In na yi tuntuɓe, a shimfiɗa tabarma. Don a san ba wasa take ba, a ranar ta aika wa wanzami da goronsa.

Haka muka shiga magani. Kullum kafin a tashi tara mu shida za mu zauna a kan benci a bayan ofis. A kunna kyandir, mu duba haƙoranmu a madubi ɗaya bayan ɗaya, mu soshe kunnuwa, mu zuƙi kunu da bututun da ke narkewa kafin a kai rabin kofi, sannan a saki mai musu mu yi tsit. A duk lardin babu yara masu tsabtar kunne kamarmu. Kuma abin haushi, maganin ya riƙa ci. Wa da ƙanen nan suka tsinci Hausa a filin wasa, har da zagi. Mai giɓi haƙoranta suka fito. Ɗan Fulanin aka daina tambayarsa sunan babansa, sai ya zama ba shi da matsala. Mai surutu kuwa minti goma sha biyar ɗin nan kamar ranta zai fita, tana murza ƙafa tana kumbura, amma hedimasta ya ce ko ba komai an rage mata minti goma sha biyar a rana. Ni kaɗai ce mai ciwon gaske, kuma ni kaɗai ce ban motsa ba.

Saura mako huɗu a yi hutu, ina zaune gumi na bin bayana, ina kallon wannan katako yana ce mini a'a, a'a, sai zuciya ta ciyo ni. Na fara zagin wanzami ƙasa-ƙasa. Ban yi niyyar komai ba, bakina ne kawai ya bi bugun abin, gaɓa ɗaya a kan kowane tak. Na ce wanzami mai ƙaton kai, Allah ya sa kekenka ya faɗa kogi, Allah ya sa wani ƙaton kada ya haɗiye zabirarka. Na zage shi, na zagi kekensa, na koma kan akuyarsa da ban ma san ko yana da ita ba. Sai na ji numfashi a bayan kunnena. Malama ce.

Na runtse ido ina jiran rankwashi. Sai ta ce a hankali, "Sake faɗi."

Na buɗe baki don in ba ta haƙuri, na maƙale a "Ma-ma-ma".

"A'a, ba haƙuri ba. Zagin. Bi wannan abu, ka zage shi kuma."

Na bi tak-tak ɗin na sake zagin wanzami daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai a lokacin na ji abin da kunnena ke ji. Tsoro ya kama ni, kamar wata ce ke magana da bakina. Malama ta tambaye ni ko akwai lokacin da maganata ke fita sumul a gida. Na yi tunani na ce in muna daka da mahaifiyata. Ta dafe kai ta kalli mai musu, ta ce ashe wannan bawan Allah turmi ne aka aiko mana daga Maiduguri.

Daga ranar, in an tashi tara sauran yara sun ruga wajen mai ƙosai, ni da ita sai mu koma bayan ofis. Ba ta da littafi, da ka take lalube. Ta gano cewa in aka matsar da ɗan ƙarfen da ke jikin tsinken sama, bugun yakan yi nawa, in aka sauke shi ya yi sauri. Ta fara da ni a kan mafi nawa. Ta ce in ja numfashi tukuna, in shiga kalma a hankali kada in faɗa mata da ƙarfi. Ta ɗauko gashin tsuntsu wanda bai shiga kunnen kowa ba, ta ɗora a tafin hannuna ta ce in hura shi ya motsa amma kada ya tashi, don in san yadda ake sakin iska kaɗan-kaɗan. Ta riƙe mini madubi na ga yadda nake datse leɓe kamar mai shirin cizo. Kuma ba ta taɓa ƙarasa mini kalma ba. In na maƙale sai ta kalli kekenta ta jira. Wallahi don wannan kaɗai na so matar nan kamar ita ta haife ni.

Ta so ta yaye ni daga katakon. Ta ce in riƙa buga yatsa a cinya a madadinsa. In mu biyu ne yana yi, amma da wani babba ya tsaya a kaina sai yatsan ma ya kama in'ina. Saboda haka muka shirya cewa ranar Juma'ar za ta ari mai musu, ta zo gidanmu ta zauna a bayan zana ta sake shi, ni kuma in bi.

Kuskurenta ɗaya, ta je ta gaya wa hedimasta abin da ta gano, don tana ganin zai yi murna. Ya saurare ta har ta gama, ya ce wannan ba ya cikin littafi. Littafin da ya zama dawo. Amma maganarta ta tuna masa da wani abu: zango ya zo ƙarshe, zai aika rahoto, kuma in wani ya taso daga Maiduguri ya tarar da agogon gwamnati babu fuska, wa za a tambaya? A makon ƙarshe, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya naɗe mai musu a tsumma ya kai wa mai gyaran agogo a kasuwa.

Mai gyaran mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ya buɗe ya duba, ya ce bai ga ciwon komai ba sai wannan girgiza kai. Ya cire tsinken, ya kwashe kayan cikin, ya huda katakon ya dasa masa wani tsohon agogon tebur. Ranar Alhamis da za a rufe makaranta hedimasta ya kira mu ya yaye tsumman yana washe baki. Ga lambobi, ga hannuwa, yana nuna ƙarfe goma daidai. Na kafa kunne, sai wani ɗan ƙis-ƙis da sauri kamar ɓera a cikin buhu, wanda ko mai surutun ajinmu ba za ta iya bi ba. Gaskiya agogo ne mai kyau, ya yi shekaru a kan teburin nan bai taɓa ɓata lokaci ba. Malama ta fita ta zauna a kan dakali ta yi ta dariya har hawaye suka zubo, daga baya dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Ni kuwa na tafi gida ina taɓa ƙarƙashin harshena da yatsa.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Maama ta iso, ba a jima ba na ji ƙararrawar keke. Wanzamin tsoho ne, siriri, kuma kansa ba ƙato ba ne, ƙarya na yi masa. An san shi da abu ɗaya: ba ya magana. Sauran wanzamai kafin su gama maka aski ka ji labarin gari kaf, shi kuwa gaisuwa ma da ka yake amsawa. Mutane suna cewa dattaku ne. Ya jingine keke, ya sauke zabirarsa, ya tsuguna a gindin bishiyar mangwaro.

Malama ma ta zo, ko da yake hannunta babu komai. Ta raɗa wa mahaifiyata magana, mahaifiyata ta mirgino turmi tsakar gida ta zuba gero ta ɗauki taɓarya, wai aiki ne ya taso mata. Maama ta dube ta.

"Ranar Juma'a da azahar? Ajiye. Magana aka ce ta yi, ba surfe ba. In na aike ta kasuwa da turmi za ta tafi a ka?"

Aka mayar da turmi. Maama ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune, ta gyara mayafi, ta ce, "To, gwamnati, bismilla."

Na tsaya a gabanta. Na ja numfashi yadda aka koya mini, na ɗora yatsa a cinya. Na ce "M", leɓena suka manne. Na sake, suka ƙara mannewa. Yatsana ya rikice, ya kasa riƙe bugun. Ina jin wuyana yana kumbura, idona yana rufewa, kalmar tana nan a bayan haƙorana amma ta ƙi fita. Sunan da nake kira tun ina rarrafe ne, Maama, shi ne ya gagare ni. Babana yana tsaye yana kallon takalmansa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Maama ba ta yi fushi ba, fuskarta ma tausayi ta nuna, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta ɗaga wa wanzami hannu. Maƙwabtanmu mata biyu suka shimfiɗa tabarma.

Wanzami ya buɗe zabira ya zaro aska. Ya fito da wata doguwar fata, ya maƙala bakinta a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ɗaya bakin da hannun hagu, ya fara washi. Shas. Shas. Shas. Ya kai ya komo, ba sauri ba nawa.

Kunnena ne ya fara ganewa kafin ni. Na ji bakina ya buɗe a kan shas na gaba.

Na ce, "Maama, ina wuni. Ina gajiya. Yaya mutanen Yola." Gaɓa ɗaya a kan kowane jan aska. Na gaya mata a makaranta mun koyi sunayen koguna, na jero su. Na karanta mata bakwai sau ɗaya har zuwa bakwai sau goma sha biyu. Wanzami bai ɗago ya dube ni ba, kansa na kan fatarsa. Na lura in na tsaya jan numfashi sai hannunsa ya ɗan lafa, in na ci gaba ya ci gaba. Askar nan ta yi kaifin da za ta raba gashi biyu tun tuni, amma bai daina ba. Da karatun ya ƙare mini, sai abin da na shekara biyu ina haɗiyewa ya biyo baya.

Na ce, "Maama, ba na so a yanka ni. Tsoro nake ji. Kullum in kin zo ba na iya cin abinci. Ina son ki, amma na tsani Juma'a."

Maama ta daina tauna goro. Kafin ta ce wani abu sai muka ji wata baƙuwar murya, mai kauri, tana tafiya a hankali tare da askar. Wanzami ne, yana washi yana magana da Maama, yana ce mata Daada, wato uwa da Fillanci.

"Daada, babu abin yanka a bakin nan."

Maama ta ce, "Ko dubawa ba ka yi ba."

Ya ajiye aska ya yafito ni. Na je gabansa. Ya ɗaga haɓata, na buɗe baki, ya leƙa. Sannan ya ɗan juya wa mutane baya, ya buɗe nasa bakin ya ɗaga harshe don in gani. Tabo biyu ne farare a ƙarƙashi, ɗaya kusa da ɗaya. Ya rufe baki, ya juya ga Maama ya girgiza kai, hagu da dama.

Maama ba matar da za a kayar a tsakar gidan ɗanta ba ce. Ta ce ta ji, amma an ci goronta, kuma ita a gidansu ba a zaro aska a mayar ba ta taɓa komai ba. Aka yi cirko-cirko. Sai babana ya tako, ya cire hularsa, ya tsuguna a kan tabarmar da aka shimfiɗa domina. Kwana biyu kafin nan aka yi masa aski, kan nan babu ko tsiro. Wanzami ya jiƙa shi da ruwa ya aske iska tsaf, daga goshi har ƙeya, Maama tana kallo tana nuna masa inda ya tsallake. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Abin da ta ce kawai shi ne maganin gwamnati yana da ƙarfi. Hedimasta kuwa ya rubuta wa Maiduguri cewa yara shida sun shiga, shida sun warke. Amma daga ranar Maama ta koma zuwa ran Asabar, kuma ba ta sake ambatar linzami ba har ta bar duniya.

Da wanzami ya gama ya wanke askarsa, ya naɗe fatar ya tura cikin zabira, ya ɗaure a bayan keke. Muka raka shi ƙofar gida, ni da Maama. Ya riƙe kan keken da hannu biyu, babu aska babu fata, ya dube ni, ya buɗe baki zai sa mini albarka.

Ya ce, "Al... Al... Al..."

Wuyansa ya kumbura, idonsa ya rufe. Na ga Maama ta buɗe baki za ta ƙarasa masa, don kowa ya san abin da zai ce. Na kama gefen zanenta na ja. Ta dube ni, ta rufe bakin. Muka tsaya a rana mu biyu muna kallon tayar kekensa, muka jira shi har ya kai ƙarshe da kansa.

"Allah ya raya ki," in ji shi.

Na ce amin, ita ma sai da ta ɗauke ni lokaci, shi ma ya jira. Sannan ya hau kekensa ya kama hanyar Yolde Pate.